Neman kalma: me za mu kira "shell beads" a rediyo?

Zainab: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da la'asar zan naɗi shirin kimiyya, kalma ɗaya ta hana ni gama rubutu: shell beads, wato ɓawon halittun teku da ake hudawa a zura a zare don ado. Labarin kogon Bizmoune ne kusa da Essaouira a Maroko, inda aka tono ɓawon wasu ƙananan halittun teku guda 33, kowanne da huda, shekarunsu ba su gaza 142,000 ba. A 2021 aka fitar da binciken. Zan haɗa da na kogon Blombos a Afirka ta Kudu, guda 41, kimanin shekara 75,000. Ku taimaka.

Sani Kurna: Wuri mana. Har sai an yi taro?

Malam Garba: Wa'alaikumus salam. A'a Sani, ba wuri ba ne. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, akasarinsa daga tsibiran Maldives ya fito, mai tsaga da haƙora a ciki. Waɗannan kuwa murɗaɗɗu ne kamar ɗan dodon koɗi, ba su wuce girman farce ba. Sannan in ta ce "wurin ado" a rediyo, mai sauraro shagon kwalliya zai ɗauka.

Hajiya Binta: Dutsen wuya na koɗi. Ko tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Zainab: Na so shi, Hajiya, amma ba dutse ba ne, kuma masu binciken ba su yanke cewa a wuya kaɗai ake sa su ba. Yana iya zama a hannu, ko a ɗinka jikin fata. Abin da aka tabbatar shi ne an zura su a zare an daɗe ana sawa, don bakin hudar ya yi santsi, gefensu ya goge inda suke taɓa juna.

Sani Kurna: Ashe wuri na gugar wuri tun can ya samo asali 😂

Dakta Auwal: Ku daina jan zance. Na daɗe da ƙirƙiro wa wannan suna: katantanwuya. Katantanwa da wuya. Kalma ɗaya tak, jam'inta katantanwuyoyi.

Hajiya Binta: Dakta, ranka ya daɗe, faɗe ta sau uku a jere ba ka ciji harshe ba, sai na yarda.

Dakta Auwal: Haka ake wa kowace sabuwar kalma dariya, sannan a dawo ana amfani da ita. Matsalarmu ke nan, Bature ya ƙirƙiro kalma mu haddace, namu ya ƙirƙiro mu yi masa ba'a. Harshen da ba ya haihuwa mutuwa yake yi.

Malam Garba: Dakta, Hausa ba ta manne kalmomi haka kai tsaye. Sai da mahaɗi: dutsen wuya, abin hannu, jirgin sama. Kuma ka maido mu kan wuyan da Zainab ta riga ta cire.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ba ni mamaki, kullum Hausar Kano kuke ɗauka ita ce Hausa. Rediyon nan har nan ana jinta. Wa ya tambaye mu yadda muke cewa?

Sani Kurna: To ga shi an tambaye ka. Yaya kuke cewa?

Ɗan Damagaram: Ba wannan ce maganar ba. Maganar ita ce a riƙa tambaya.

Dakta Auwal: Yawwa. Kuma duk wanda bai karanci ginin kalma ba, ya bar wa masu fannin.

Hajiya Binta: Mu da muka sha Hausar a nono fa? Kalmomi nawa kuka zauna a ɗakin taro kuka ƙirƙiro, mai shayi bai taɓa furta ko ɗaya ba?

Zainab: Don Allah iyayena, gobe ne fa. Ga sakin layin da na rubuta, ku dubi inda kalmar za ta zauna. Mutanen Blombos sukan samo koɗin ne daga bakin koguna masu nisan kusan kilomita 20, kuma manya suke zaɓa. Da masu bincike suka gwada hudawa da kansu, sai suka ga hanyar da ta ba da irin wannan huda ita ce a zura tsinin ƙashi ta bakin koɗin, a danna daga ciki har ya ɓullo ta baya. A jikin wasu an ga ragowar jar ƙasa. A Oued Djebbana ta Aljeriya ma an samu irinsa can nesa da teku, wato ɗauko shi aka yi.

Malam Garba: Kin ga, ke da kanki kin ce "koɗin" sau biyu ba ki sani ba. Koɗin ado. Gajere ne, ga mahaɗi, bai ce wuya ba, bai ce dutse ba. Farkon ambato ki ce "hudajjen koɗin teku da mutanen dauri ke ado da shi", daga nan ki ci gaba da koɗin ado.

Ɗan Damagaram: Za a gane shi a nan. Ban ce ya yi mini daɗi ba.

Sani Kurna: To na kwasfar ƙwan jimina fa, irin wanda aka tono a Kenya? A Turanci shi ma shell ne. Shi ma koɗi za a ce?

Malam Garba: Wannan sana'arsa daban. Fasa kwasfar ake yi ƙanana, a huda tsakiya, a jera a zare, a goge gefen a kan dutse har su yi daidai. Sai mun sake zama a kansa.

Zainab: Ba ya cikin shirin gobe, alhamdu lillahi. Na ɗauki koɗin ado. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Dakta Auwal: Ki yi amfani da shi gobe saboda ƙurewar lokaci, amma ba kalma ba ce, bayani ne. Ni dai a aji katantanwuya zan ci gaba da cewa.

Hajiya Binta: Allah ya ba ɗalibanka haƙuri, Dakta.