Dalilin kafa ƙungiyarmu ya gushe, me za mu riƙe yanzu?

Magatakarda daga Auyo:

Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar matasa manoma a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Auyo, kuma na zo neman shawara kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun kafa ƙungiyar ne lokacin da aka ce ba za a ba manomi rancen taki da iri ba sai yana cikin ƙungiya mai rajista, sai muka haɗu mu 42, muka kwafo tsarin mulkin wata ƙungiya ta Haɗeja muka sauya suna, muka buɗe asusu a banki. Mun karɓi rancen sau biyu, daga nan shirin ya tsaya. Tun daga lokacin, taron da muke yi ran Juma'a bayan La'asar a gindin darbejiyar firamare ya koma zaman hira, har ta kai makon jiya mu bakwai ne kawai muka zo, biyu daga ciki ma jiran mai babur suke yi.

Ni kaina halin da nake ciki bai bambanta da na ƙungiyar ba. Na gama NCE shekara huɗu da suka wuce, aikin da na sa rai bai samu ba, na dawo ina taya mahaifina noman shinkafa, amma kullum ji nake kamar zaman jiran mota nake yi a tasha. Ta yaya ƙungiya take gano abin da za ta sa a gaba idan dalilin kafa ta ya gushe, kuma ta yaya mutum yake gano nasa?

Tsohon malamin gona, Kura:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ƙungiyarku ba ta rasa manufa ba, da ma can ba ta taɓa samun ta ba. Layin karɓar taki kuka yi wa rajista, kuma idan rabo ya ƙare ba a ganin laifin wanda ya bar layi.

Na yi shekaru ina aiki da manoman rani a yankin Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 ya mayar da rani lokacin aiki, kuma na ga ƙungiyoyi masu hatimi da takarda mai tambari sun mutu, na ga wasu marasa ko littafin rajista sun daɗe. Waɗanda suka daɗe su ne waɗanda suka haɗu kan yasar magudanar ruwa, domin duk manomin da gonarsa take ƙarshen layi ya sani cewa idan laka da ciyawa suka toshe hanya daga sama, tumatirinsa ne zai bushe. Ba a aika masa takardar gayyata, da kansa yake fitowa da shebur tun da asuba. Haka aikin gayya yake tun zamanin iyayenmu: an san gonar wa za a shiga, an san noman fari ne ko maimai, kuma da rana ta take kowa yana iya waiwayawa ya ga kunyoyin da aka gama.

Saboda haka kada ku zauna ku bakwai ku ƙirƙiro manufa a takarda. Ka ɗauki littafinka ka bi mutum 35 ɗin da suka daina zuwa gida-gida, ka tambayi kowa abin da yake hana shi barci game da gonarsa. A yankinku ba sai an yi duba ba: akwai ciyawar kacalla da ke cike hanyoyin ruwa, akwai tsuntsayen jan baki da ke sauka kan shinkafa idan ta fara nuna, akwai ambaliya irin ta 2022, akwai kuma karyewar farashi da kaka, lokacin da kowa yake fitar da amfaninsa rana ɗaya don biyan bashi. Abin da bakuna suka fi haɗuwa a kai shi za ku ɗauka, shi kaɗai, sauran su jira.

Ka tuna jam'iyyar NEPU, wadda mutum takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya jagorance ta daga baya. Talakan ƙauye da bai taɓa ganin tsarin mulkinta ba yana iya faɗa maka abin da take yaƙi da shi, wato aikin tilas da zaluncin da ke tattare da haraji da jangali, kuma wannan magana ta rayu har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin da ku da mu duk jihar Kano muke. Idan ɗan ƙungiyarku mafi ƙarancin karatu ba zai iya faɗin amfaninta cikin numfashi ɗaya ba, to da sauran aiki.

Uwar adashi, Gumel:

Na yarda da Baba, sai dai akwai inda bai taɓo ba. Ɗana, yaushe rabonku da karanta wa mutane lissafin kuɗin da ke asusun nan? Mu mata muna yin adashi shekara da shekaru ba tare da rajista ba, kuma abin da ya riƙe mu shi ne kowace ta san ranar zubi, ta san ranar kwasarta, ta ga kuɗin an ƙirga a kan tabarma a gaban kowa. Da wannan amanar ce muka kai ga haɗa kuɗi muka sayi injin markaɗe don masu yin man gyaɗa da ƙuliƙuli, suka huta da kai gyaɗa unguwa mai nisa. Sau da yawa mutane ba sa barin ƙungiya don ba ta da abin yi, suna janyewa ne saboda zargin da kunya ta hana su furtawa. Ko kun samo manufa mai kyau kamar me, wanda yake tunanin an ci kuɗinsa ba zai fito da fartanya ba.

Malamin Islamiyya, Birnin Kudu:

Ni zan saɓa wa manyana kaɗan, da neman afuwa. Ba dole ba ne kowace ƙungiya ta rayu. Idan kun zaga kun tarar ba abin da ya haɗa ku sai rancen da ya wuce, ku kira taro, ku raba abin da ya rage bisa adalci, ku rufe asusun, ku rabu ana mutunta juna, ya fi a bar suna yana yawo har wani ɗan siyasa ya ɗauke shi lokacin zaɓe.

Batun kanka kuwa, ɗan'uwa, ina ganin ka haɗa abu biyu. Babbar manufar rayuwa an riga an sanar da mu ita a aya ta 56 ta Suratuz Zariyat, cewa an halicce mu ne domin bauta. Abin da kake nema shi ne aikin da za ka zuba wannan niyya a cikinsa, kuma ka ɗauka sai takardar ɗaukar aiki ta zo zai fara. Ga shi kuwa kana da shaidar koyarwa, kuma a gindin bishiyar makaranta kuke taro. Yara nawa ne a ajin shida na wannan makaranta ba sa iya karanta wasiƙar Hausa? Ya zo a hadisi cewa ko Ƙiyama ce za ta tsaya alhali da dashe a hannun mutum, in yana da halin dasa shi to ya dasa. Ka ci gaba da neman aikin gwamnati, amma ka fara da yara goma bayan Magariba.

Magatakarda daga Auyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararku, na zaga gida 16 cikin kwana uku, kuma mutum 11 jingar da ta ɓalle a gabashin fadamarmu suka fara ambata, wadda ni ban taɓa kawo ta cikin ajandar taro ba. Hajiya, maganarku ma ta tabbata, domin mutum uku sun tambaye ni kuɗin asusu kafin su ba ni wurin zama, kuma gaskiya rabonmu da karanta lissafi tun rance na biyu. Na karɓo takardar bayanin asusu daga banki, zan karanta ta ran Juma'a kafin a yi maganar jinga. Malam, batun yara ina nan ina juya shi, ban yanke ba tukuna. Abin da nake son sani yanzu, Baba, shi ne ko buhunan ƙasa za su riƙe ɓarakar da ta kai taku 20, ko kuwa sai mun nemi mota ta kawo mana dutse kafin ruwan Agusta.