Lambar wa ke bayanka? 'Yan Shikago da masu rigar Bears, ku zo mu ji

Baban Sadik, Rogers Park

Assalamu alaikum jama'a. Sanyi ya kama, ƙwallon Amurka ta yi nisa, duk inda ka juya a garin nan rigar Bears ce, shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. A wurin aikinmu an kwana biyu ana tafka musu a kan wanda ya fi cancanta da kowace lamba a tarihin ƙungiyar, tun daga 1 har 99. Ni abin da na lura shi ne, ba ka isa ka saka rigar nan ka fita ka dawo gida ba tare da wani ya tare ka da zance a kan lambar ba. To kowa ya faɗa mana wacce ya taɓa sakawa, me ya same shi, kuma wa yake gani shi ne mai lambar.

Direban O'Hare

Wa'alaikumus salam Malam. Bari in fara da wadda ba a musu a kanta, wato 34. Ita nake sakawa a saman rigar sanyi duk ranar Lahadi in zan fita da tasi. Wata rana na ɗauko wata tsohuwa daga filin jirgi, baƙar fata ce 'yar Kudancin gari, tana shiga ta hango kafaɗata ta ce in ɗan karkato ta gani. Daga nan har muka isa ƙofar gidanta ba ta bar ni na kunna rediyo ba. Labarin Walter Payton kawai: yadda ya zo a 1975 daga Mississippi, ya yi kaka 13 wasa ɗaya tal ya rasa, ya bar fili a 1987 da yadi 16,726 na gudu da ƙwallo, wanda babu mai shi a lokacin sai da Emmitt Smith ya wuce shi a 2002. Da ta zo kan rasuwarsa a 1999, yana da shekara 45, ciwon hanta ya kai shi, sai muryarta ta canza, ta ciro hankici.

Amma abin da ya fi ci mata rai ba mutuwar ba ce. Wasan ƙarshe na cin kofi na Janairun 1986 ne, da Bears suka lallasa Patriots 46 da 10. An zo dab da layi, maimakon a miƙa wa Payton ƙwallo ya shiga da ita, sai aka ba wa William Perry, ƙaton nan mai lamba 72 da ake kira Firji. Payton ya gama wasan bai ci ko ɗaya ba. Kocin, Mike Ditka, ya sha faɗa da bakinsa cewa ya yi nadamar hakan, amma baiwar Allah nan ba ta huce ba. Da za ta sauka ta ƙara mini kuɗi a kan na mita, ta ce na rigar ne.

Maman Hanifa

Yaya direba, tsofaffinku ma yara ne a kan nawa. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma a can 34 sabon shiga ne. Akwai wani dattijo ɗan asalin Poland da nake kula da shi, ba ya yarda a cire masa rigarsa mai lamba 51 ranar wasa, ko miya ta zuba a kai sai dai in goge da tsumma. Duk ta koɗe, ɗinkin lambar ya fara tashi ta gefe. Shi a wurinsa Dick Butkus ne Bears, sauran 'yan rakiya ne. Yakan ce yaron unguwarsu ne, a Kudancin Shikago aka haife shi, a jami'ar Illinois ya yi wasa, bai taɓa saka rigar wata ƙungiya ba.

Ina bakin aiki daren 5 ga Oktoba 2023 da aka sanar Butkus ya rasu yana da shekara 80. Daren nan Bears suna da wasa da Washington, suka ci 40 da 20, bayan sun daɗe rabonsu da nasara. Dattijon nan bai ce uffan ba har aka tashi. Sai da nake tura kekensa zuwa ɗaki ya ce mini, wai an ɗauki Butkus da Gale Sayers mai lamba 40 a shekara ɗaya, 1965, amma su biyun nan ko sau ɗaya ba su taɓa buga wasan zagayen cin kofi ba, don ƙungiyar ta lalace a zamaninsu. Ya ce yana cikin filin Soldier a daren 31 ga Oktoba 1994 da aka jingine lambobinsu, wato aka daina ba wa wani ɗan wasa su don girmamawa, ana ruwa da iska, mutane sun watse, Packers kuma suna ta dukansu. Ni dai ban ga wasan Butkus ba, amma 51 na ba shi ba jayayya.

Mai Gwanjo, Ƙofar Wambai

Ku yi haƙuri da kutse, ni ban taɓa taka Amurka ba, daga Kano nake. Wasan ma in na kalla gani nake ana ta kokawa ana tsayawa. Amma rigunan naku ta hannuna suke bi. In muka fasa dila, jesi irin wannan mai kauri da manyan lambobi ba ya wuya, samari na so saboda faɗinsa. Na ɗauki wata mai 54 na saka, na ɗora hoton a WhatsApp, sai ga ƙanin mahaifina da ke can ya kira ni da tsakar dare yana cewa in kuskura in sayar da ita. Wai ta Brian Urlacher ce, wanda ya riƙe tsakiyar tsaro daga 2000 zuwa 2012, aka shigar da shi zauren gwarzaye na Canton a 2018.

Tun daga nan na fara karanta sunayen da ke baya. Ga abin da na gano, ku gyara mini in ba haka ba: lambar da ta fi zuwa mana ita ce ta wanda kuka gaji da shi. An yi yayin 6 mai sunan Cutler, sai 10 mai sunan Trubisky ta cika kasuwa, yanzu kuma 1 mai sunan Fields ta fara shigowa, wasu ma sababbi fil. Wannan 34 da kuke ta yabo, ban tuna ranar da na cire ta daga dila ba.

Anti Rabi

Wallahi Mai Gwanjo ka gama magana, na yi dariya har da hawaye. Duba da kyau, wataƙila ta ɗana tana cikin kayanka. Ya dame ni da kuka sai na saya masa 1, sama da dala 100 na zuba ana sanyin ƙarshen 2023. Watan Maris na kamawa aka tura Justin Fields Pittsburgh. Yaro ya ce kunya yake ji ya je makaranta da ita, yanzu 18 ta Caleb Williams yake so. Na ce masa wannan karon sai dai ta wanda ya riga ya yi ritaya, shi ba a sayar da shi.

Alhaji Ɗan Kumasi

Hajiya Rabi kin yi dabara. Ni tawa 23 ce, kuma ita ce lambar da ta fi jawo rikici a garin nan. In na tura hoto gida Zango, kowa cewa yake Michael Jordan. A nan kuma in ka haɗu da mai son Cubs, ƙungiyar wasan baseball, Ryne Sandberg zai ce maka. Amma a rigar Bears mutum ɗaya ne, Devin Hester.

Ina gidan maƙwabcina a Uptown ranar wasan ƙarshe na Fabrairun 2007, mun cika falo, matarsa ta soya fukafukan kaza ta ware mini nawa gefe don ta san ba komai nake ci ba. Ban ko zauna sosai ba Colts suka bugo ƙwallon farko, Hester ya cafe, ya ratsa ta tsakiya, yadi 92 har gida. Ba a taɓa buɗe wasan ƙarshe da haka ba. Benen nan sai da ya girgiza, na ƙasa suna buga silin da tsintsiya don murna, faranti ya kife a kan kafet ba wanda ya kula. Ƙarshe dai aka ci mu 29 da 17 a cikin ruwan saman Miami. Abin da ya rage mana zafi shi ne masu horarwar biyu duk baƙaƙe ne, Lovie Smith namu da Tony Dungy nasu, karon farko ke nan. Hester aikinsa kawai mayar da ƙwallon da aka bugo, aikin da ba a ɗauka da daraja ba, har ta kai ƙungiyoyi sun gwammace su buga ta waje da su ba shi. Sai 2024 aka shigar da shi Canton, bayan an ja masa rai.

Injiniya Bashir

Ina so in sa namu a layi. Lamba 71 ta Israel Idonije ce, a Legas aka haife shi, ya tashi a Manitoba ta Kanada, ya yi wa Bears wasa har 2012. Sannan 93 ta Adewale Ogunleye, iyayensa 'yan Najeriya ne. Su biyun duk suna cikin tawagar da Alhaji yake magana. Ranar da na saka 71 na je sayen nama a titin Devon, wani Bayarabe ya rungume ni a gaban mahauci kamar mun shekara da sanin juna.

Direban O'Hare

Injiniya, 93 na bar maka. Amma 71 akwai son kai. Tambayi duk wanda ya kalli wasa a shekarun 1990, James Williams zai ce maka, wanda ake kira Big Cat, tun 1991 har 2002 yana nan.

Malam Sani, Milwaukee

Ni a ƙasar abokan gabarku nake zaune, nan Packers ake yi, don haka rigata a ƙarƙashin kwat take kwana. Sau ɗaya na cire kwat ɗin a gidan mai, wani ya leƙo ta tagar motarsa ya yi mini ta'aziyya.

Abin da zan ƙara shi ne, musun nan ba a kowace lamba yake da daɗi ba. Bears sun jingine lambobi 14, babu ƙungiyar da ta fi su a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka: 3, 5, 7, 28, 34, 40, 41, 42, 51, 56, 61, 66, 77 da 89. Ta 7 ta George Halas ce, wanda ya kafa ƙungiyar, shi ne harufan GSH da kuke gani a hannun riga. Ta 41 kuwa ba don yawan bajinta aka jingine ta ba, Brian Piccolo ne, abokin ɗakin Sayers, ciwon daji ya kashe shi a 1970 yana da shekara 26. Da aka jingine 89 ta Ditka a Disamban 2013, ƙungiyar ta ce daga ita an rufe, don lambobin sun fara ƙaranci. Shi ya sa 50 ta Mike Singletary ba ta samu ba, har an ba wa wasu sun saka, haka 95 ta Richard Dent da ya zama gwarzon wasan 1986, da 99 ta Dan Hampton. A ganina an yi gaggawar rabo tun da wuri, waɗanda suka ciwo kofin kuma suka tarar tukunya ta ƙare. Da can ma lamba tana nuna maka aikin ɗan wasa, tun dokar 1973, amma daga 2021 aka sassauta, yanzu sai ka ga mai tsaron baya da lamba ɗaya tilo.

Hauwa, Landan

Na je wasan da suka buga da Jaguars a filin Tottenham a Oktoban 2024, suka ci 35 da 16. Aron 33 na yi wurin wata ƙawata. Wani Bature da ya taso takanas daga Illinois ya dinga dunƙule hannu yana nuna mini yadda Charles Tillman ke naushin ƙwallo ta faɗi daga hannun mutum. Jirgin ƙasan dawowa cike yake da 18, amma masu furfura duk 34 da 9.

Baban Sadik, Rogers Park

To ga ta nan, 9 ɗin ce ta raba mana wurin aiki gida biyu. Manya sun ce Jim McMahon, mai jifan da ya jagoranci tawagar 1985 da ta ci wasa 15 ta faɗi ɗaya. Matasa sun ce Robbie Gould, mai bugun da ya fi kowa tara maki a tarihin ƙungiyar.

Alhaji Ɗan Kumasi

Gould, Malam, ko a gaban wa. McMahon ya ci kofi, gaskiya ne, amma 'yan tsaro ne suka goya shi, kuma kullum yana jinya. Gould kuwa sai da aka sallame shi aka san darajarsa. Ina cikin filin Soldier ranar 6 ga Janairu 2019 da Eagles, a can saman bene inda iskar tafki ke shiga har ƙashi, yatsuna sun daina jin komai. Saura daƙiƙu, ana binmu 16 da 15, bugu ɗaya ya rage. Ƙwallo ta daki ƙarfen tsaye, ta sauko ta daki na kwance, ta dawo cikin fili. Wanda ke kusa da ni sanye yake da 9 mai sunan Gould, ya juya baya yana nuna wa jama'a sunan da babban yatsa, yana zagi da yaren da ban sani ba.

Maman Hanifa

Alhaji kada ka bari tsofaffina su ji ka. Kuma ba wanda ya taɓo 55 har yanzu. Ni Lance Briggs na sani, mai gidana ya ce Otis Wilson, dattijona kuma ya ce dukkanmu ba mu san Doug Buffone ba. Injiniya, kai da kake da littafin tarihin ƙungiyar, duba mana shekarun kowanne kafin Lahadi, da safe zan shiga aiki kuma na san da tambayar zai tare ni.