An ɗauke ni aikin jarida a Jamus: in tafi, ko in riƙe na hannuna?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum abokan sana'a. Wata kafar yaɗa labarai da ke Jamus ta ɗauke ni aiki a sashenta na Hausa. Kwantiragin na shekara biyu ne, sun ce ana iya sabuntawa, amma ba su yi alkawari ba. A nan gida aikina na dindindin ne, ina fita rahoto, na san mutane, mutane sun san ni. Ina da mata da yara biyu ƙanana. In ajiye aikin da ke hannuna saboda na shekara biyu? In kuma zan tafi, in ɗebi iyali tun farko ne, ko in fara zuwa in ga kamun ludayin wurin? Waɗanda suka taɓa zama a waje a wannan sana'a, don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Tsohon mai gabatar da shirye-shirye:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ƙanena. Kafin ka duba albashi, duba takardar izinin zama. Baƙon da aiki ya kai shi ƙasa, zamansa a ɗaure yake da aikin. Ranar da aikin ya tsinke, zaman ma ya fara girgiza. Ka tuna watan Maris na 2025, lokacin da Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka. Aka tura ma'aikata hutun dole, 'yan jaridar ƙasashen waje masu bizar J-1 ta zaman wucin gadi a Amurka kuma suka shiga tsaka mai wuya, domin da zarar kwantiragi ya ƙare kwana 30 ne ya rage musu su bar ƙasar. BBC ma a 2022 ta sanar da soke guraben aiki 382 a sashenta na duniya, rediyonta na Larabci ya yi shiru a Janairun 2023 bayan shekara 85 yana magana. Tashoshin nan da kuɗin jama'a suke tafiya, kuma siyasar ƙasarsu ce ke buɗe famfon ta rufe shi, ba ƙwazonka ba.

Ba cewa nake kada ka tafi ba. Cewa nake ka rubuta musu ka tambaya dalla-dalla: cikakken ma'aikaci ne kai, ko mai zaman kansa da ake biya gwargwadon ranakun da ya yi aiki? Watanni nawa ne na gwaji? Idan ba a sabunta ba, yaushe za a sanar da kai, kuma wa zai biya kuɗin jirgin komawa? Sannan ka je wurin shugabanninka na yanzu ka nemi hutu ba albashi maimakon takardar murabus. Ko sun ƙi, ka rabu da su da mutunci, wata rana za ka buƙaci ƙofar.

'Yar jarida mazauniyar Jamus:
Baba ya gama magana kan kwantiragi, ni bari in taɓa zaman. Malam, adadin da ka gani a takarda ba shi ne zai shiga asusunka ba. Haraji, inshorar lafiya da fansho za su yanki rabonsu tukuna, don haka ka nemi a faɗa maka abin da zai rage bayan cirewa. Inshorar lafiya dole ce, amma akwai sauƙi: ta gwamnati tana ɗaukar mata da yara ba tare da ƙarin biya ba, muddin ba su da kuɗin shiga.

Gida shi ne babban ciwon kai. Doka ta ce ka yi rajistar adireshinka cikin mako biyu da tarewa, da takardar shaida daga mai gidan, kuma sai da rajistar ake turo maka lambar haraji. Mai gida na iya neman kuɗin ajiya har na hayar wata uku. Neman gidan mutum huɗu daga nesa, babu takardar albashi ko ɗaya a hannu, wahala ce tsantsa. Shi ya sa ra'ayina ka fara zuwa kai kaɗai, amma ka fara haɗa takardun iyali tun yau, domin samun ranar ganawa a ofishin jakadanci yana jan lokaci. Sau da yawa ana neman matar aure ta nuna shaidar Jamusanci matakin A1, wato matakin farko, sai dai ya danganta da irin izinin da aka ba ka, ka tambaya. Ko ba a nema ba, Madam ta fara koyo. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma. Kai kana ɗakin watsa shiri da abokan hira, ita tana gida da yara, wasiƙa ta zo daga makaranta ba ta iya karantawa. Wannan ne ke karya mutane, ba sanyin kansa ba.

Wakili mai fita rahoto:
Ni na je na dawo, kuma tambayar da ba a yi maka ba ita ce: wane irin aiki kake so? A can yawanci tebur ne. Ka shigo da asuba, ka buɗe labaran kamfanonin dillancin labarai na Reuters da AFP, ka fassara, ka bugo wa wakili a gida ya aiko da muryoyi, ka yanka, ka karanta. Sunanka zai yi nisa, amma majiyoyinka za su yi ta bushewa. Jami'in da yake ɗaga wayarka a bugu ɗaya an canza shi, sabon bai san ka ba. Idan ka tafi, ka riƙa kiran mutanenka ko babu labari, kuma ka nemi a riƙa tura ka aikin zaɓe ko na musamman.

Abu na biyu, sunan tasharka zai bi ka duk inda ka sa ƙafa. Mali ta dakatar da tashoshin Faransa RFI da France 24 a 2022, Nijar ta yi haka a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Abin da ka rubuta a Facebook daga wuri mai aminci, danginka da ke gida, inda hannun hukuma zai kai gare su, su ne za su iya amsa tambayarsa.

Matashin edita:
Yaya, ka tafi kawai! Horon da za ka samu kan tace labari, bidiyo da tantance gaskiya ba zai bar ka ka rasa aiki ba ko ka dawo.

Tsohon mai gabatar da shirye-shirye:
Gaskiya ne ɗana, horon yana da daraja. Amma mai yara biyu ba ya tafiya da "kawai".

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na sake karanta kwantiragin: cikakken ma'aikaci ne, gwaji wata shida, amma babu maganar jirgin komawa ko taimakon neman gida. Zan rubuta musu gobe. Hajiya, in jira gwajin ya ƙare kafin a shigar da takardun iyali?

'Yar jarida mazauniyar Jamus:
Kada ka jira. Ku nemi ranar ganawa da zarar ka samu izinin zamanka da gidan da zai ishe ku, domin za a duba girman gidan da abin da kake samu. Kafin nan ku tanadi takardar aure da ta haihuwar yara, ku tabbata rubutun sunaye ya zo ɗaya da na fasfo, harafi da harafi.