Musayar Waƙa: Uwar Uku Ta Buɗe Fili

Uwar Uku:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau ni zan fara, babban amsa-amo "ta". Mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da kyauta ba Ya gazawa,
Ya ba ni 'ya'ya ina godewa,
Su uku reras, dukansu mata.

Tun assalatu nakan tashi,
In hura gawayi ya yi garwashi,
In dama koko ya ba da ƙamshi,
Auta a goye tana kukanta.

Babbar ta saɓa allo da jaka,
Ta tsakiya na can ƙuryar ɗaka,
Hijabi ya ɓace tana ta kuka,
Mai adaidaita na ta jiranta.

Ranar Asabar ta kitso da tsifa,
In zaunar da su tsakanin ƙafa,
Wannan shuku, waccan kalaba fa,
Kowa da man kaɗe a kanta.

Sai dangin miji ke ta cewa,
Gidan ga babu mai gajewa,
Ki fara tara kwanon jerawa,
Ni ko adashina na makaranta.

Ɗan Kwari:
Hajiya sannu da ƙoƙari,
Ki saurari zancen ɗan Kwari,
Boko ba ya hana yin shiri,
Ran kai amarya a duba jerenta.

Uku fa kika ce, ba ɗaya ba,
Gado da kujeru ba wasa ba,
Gara kuma ba a yafe ta ba,
Malam ya shiga uku da mata!

Uwar Uku:
Ɗan Kwari na gane nufinka,
'Ya'yana kake ƙirgawa a shagonka,
Atamfa da leshi ne a ranka,
Ka ga jaririya ka auna lefenta.

Malam ɗin da kake wa tausayi,
Shi ke kai su a babur cikin sanyi,
Ran suna ka ga murnar da ya yi,
Sunan uwarsa ya raɗa wa Auta.

Shiga uku ba mu san shi ba,
Wanda ya reni 'ya'ya mata ba zai taɓe ba,
Annabi ya faɗa ba mu manta ba,
Su ne garkuwarsa daga wuta.

Goggon Damagaram:
Ayyururui! Allah shi miki albarka ɗiyata, kin gama da shi. Ɗan Kwari ka koma ka auna yadi, waƙa ba taka ba ce. Ɗiya mata biyar na haifa, duka sun yi lakkwal, wato makarantar boko, yau su ke riƙe da ni.

Ɗalibin Aruli:
Ma'anar ta yi kyau, hadisin garkuwa daga wuta kuma ingantacce ne, Nana A'isha ta ruwaito, yana Bukhari da Muslim. Sai dai Hajiya baitinki na ƙarshe ya karye. Ɗangon farko gaɓa 9, na biyu gaɓa 14. Sannan "ba, ba, ba" sau uku amsa-amon arha ne, Ɗan Kwari ma shi ya yi.

Goggon Damagaram:
Yaro, mu da muka tashi da waƙar daka da ta niƙa, wa ya ƙirga muna gaɓa? Taɓarya ce ma'auninmu. Mace na faɗin abin da ke cin ranta kai kana lissafi.

Ɗalibin Aruli:
Goggo ki yi haƙuri da ɗanki,
Ba raini ne na kawo gare ki,
Waƙa awo ce kamar ɗinki,
In ta zarce sai a rage ta.

Nana Asma'u 'yar Shehu mace ce, ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma aunanniya. Ba a ce don mace ce a sassauta mata ba.

Bazazzagi:
Malam ƙirga gaɓa ba shi ne aruli ba. Aruli nauyin gaɓa da sauƙinta yake dubawa, da yadda suka jeru a ƙafa. Faɗa mana karin da Hajiya ta hau tukuna, Mutadarak ne, Mutaƙarab ne, ko Rajaz, sannan ka ce ta sauka. Naka baitin ma ɗango biyu gaɓa 10, biyu gaɓa 9.

Ɗalibin Aruli:
Wannan zihafi ne, wato ɗan canjin gaɓa a cikin kari, masana sun yarda da shi.

Bazazzagi:
To, naka zihafi, na Hajiya karaya? Adalci dai Malam.

Ɗalibin Aruli:
Gaɓa ɗaya da gaɓa 5 ba ɗaya ba ne. Ka rera nata da baki ka ji inda numfashi zai yanke maka.

Bazazzagi:
Na rera, lafiya lau na kai ƙarshe.

Tuzurun Fagge:
Ku bar faɗan awo ku ji ni,
Lefen zamani ya kayar da ni,
Akwati shida aka yanka mini,
Ban da kuɗin gaisuwar iyayenta.

Rubu'in dinari malamai suka ce,
Sauran kaya al'ada ce,
Uwar amarya ke kafewa ta ce,
Sai an fi na 'yar maƙwabciyarta.

Uwar Uku:
Na je kai Babba hadda na dawo na tarar kun cika fili. Malam Aruli na gode da ka ambaci Nana Asma'u. Ita ce ta riƙa tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'Yan Taru, ta rasu tun 1864 amma har yau ana kiran sunanta saboda karatu. Abin da nake so wa 'ya'yana ke nan. Tuzuru ga taka:

Tuzuru ka zo da rabin gaskiya,
Ɗaya rabin na wurin uwar ɗiya,
Danginku ke zuwa ɗakin amarya,
Su ɗaga labule su ƙirga tukwanenta.

In jere ya gaza sai gori,
Facaloli su yaɗa shi a gari,
Uwa ta ci bashi ta rufa asiri,
Ta sai da akuya, ta sai da gonarta.

Ni ran da aka zo neman Babba,
Akwati ba shi zan ƙirga ba,
Salla da sana'a zan fara duba,
Sai gwajin jini, nasa da nata.

Maganar gwajin nan da gaske nake. A Kano tun 2024 doka ta wajabta shi kafin a ɗaura aure, har da na sikila. Akwai yaro mai sikila a danginmu, na sha kwana da uwarsa a asibiti yana kukan ciwon ƙashi. Ba zan ba da 'yata ba a duba wannan ba.

Tuzurun Fagge:
Hajiya wallahi da surukai irinki ne da tuni na angwance. Na sauke kai.

Goggon Damagaram:
Ka sauke ko ba ka sauke ba, ƙannenka mata ka ja wa kunne, su ne masu ɗaga labulen. Uwar Uku ce sarauniyar filin ga yau, mai ja ya fito.

Ɗan Kwari:
Jiya da shekaranjiya ina kasuwa, sai yanzu na leƙo. Goggo na ji saƙonki. Hajiya ki riƙe wannan:

Yau Babba na hadda kina cika baki,
Bari ta kai sha takwas mu gan ki,
Ƙawaye da dangi za su taso ki,
Da ƙafarki za ki zo neman atamfarta.

Ɗalibin Aruli:
Ɗangon ƙarshe ya sake zarcewa.

Goggon Damagaram:
Kai Malam ka bar mu haka nan! Uwar Uku ina kike? Kar ki bar Ɗan Kwari ya kwana da wannan.