Bawul ɗin sakin matsi yana buɗewa yana rufewa ba ƙaƙƙautawa

Assalamu alaikum, injiniyoyi. Bawul ne mai sifirin a kan tankin iska, an saita shi ya buɗe a matsin bar 10, aiki kuwa a bar 8 ake yi. Da ya buɗe sai ya rufe nan take, ya sake buɗewa, ƙarar kamar ana buga guduma. An goge mazauninsa, sifirin lafiya lau.

Bututun shiga, wanda ya taso daga tankin zuwa bawul ɗin, nake zargi: inci 1, tsawon mita 2, ga gwiwa biyu. A ƙa'ida asarar matsi a nan bai kamata ta wuce kashi 3 cikin 100 na matsin buɗewa ba. Ko dai bawul ɗin ya yi wa kwamfuresar, wato injin da ke cika tankin da iska, girma ne? In fara gajarta bututun, ko in taɓa zoben da ke saita matsin rufewa?