Tambaya: Shin ya dace in riƙa sayen gidaje da sunan wani don in sakaya dukiyata?

Ɗan Kasuwa, Mabera:

Assalamu alaikum. Sana'ata sayar da hatsi ce, kuma abin da Allah ya hore mini nakan zuba shi a filaye da gidajen haya, wasu a Mabera, wasu a Arkilla, duk a nan Sakkwato. Abu biyu ne ke damuna. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane, ba na son dillalai da 'yan haya su riƙa yawo da sunana a gari. Sannan harkar hatsi ba ta da tabbas, ina tsoron ranar da bashi zai hau kaina har a taɓa gidajen. Wani abokina ya ce in riƙa saye da sunan ƙanena ko na yaron shagona. Ina neman shawarar masana.

Barista, Sakkwato:

Wa alaikumus salam. Alhaji, shawarar abokinka ita ce mafi haɗari cikin duk hanyoyin da ake bi. A idon doka, wanda sunansa ke kan takardar shaidar mallaka shi ake fara ɗauka a matsayin mai gida, don haka idan ƙanen naka ya ci bashi, gidanka za a bi, idan kuma ya rasu, magadansa ne za su zo da takarda a hannu, kai kuma ka koma neman shaidu.

Hanyar da doka ta tanada ita ce kamfani mai iyakantaccen alhaki. Tun da aka yi dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya yana iya kafa irin wannan kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, kuma kamfanin yana da matsayinsa daban da na mai shi, yana saye yana sayarwa da sunansa. Rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda yawancin 'yan kasuwarmu ke yi saboda sauƙinta, ba ta raba mutum da bashin kasuwancinsa ko kaɗan. Abin da ya fi dacewa da kai shi ne kamfani biyu, ɗaya na hatsi, ɗaya na gidaje, kowanne da asusunsa na banki, domin idan ka ci gaba da cinikin hatsi da sunanka, masu bin ka bashi suna iya bin hannun jarinka na kamfanin gidajen. Ka kuma kula da takardar lamuni da bankuna ke sa masu kamfani su sa wa hannu, domin da zarar ka tsaya wa bashin kamfani da kanka, kariyar ta tafi.

Batun sirri kuwa yana da iyaka. Dokar ta wajabta bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye na kamfani, kuma a 2023 CAC ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni da kowa zai iya dubawa ta intanet. Kamfani zai janye sunanka daga bakin 'yan unguwa, amma ba zai ɓoye ka daga hukuma ko daga mai bincike da gaske ba.

Malam, Runjin Sambo:

Bayanin Barista ya wadatar ta fuskar doka, sai dai akwai ɓangaren gado, wanda a nan ne ɓoye dukiya ya fi yin ɓarna. Mutum zai sayi fili a asirce, ko matarsa ba ta sani ba, ajali ya zo, a zauna rabon gado babu wanda ya san da filin, haƙƙin marayu ya salwanta. Wanda yake son sirri ya rubuta abin da ya mallaka, amintattu biyu su shaida, a ajiye wurin lauya ko wani babba da ya yarda da shi.

Wasu kuma suna sa sunan 'ya'yansu a takarda da nufin kyauta. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an yi hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa tun mai bayarwa yana raye kuma yana cikin lafiya, in ba haka ba gidan ya koma cikin gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Idan Alhaji yana son wani gida ya dawwama ba a sayar ba, ƙofar waƙafi a buɗe take, kuma jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi.

Hajiya Mai Kula da Gidajen Haya, Gwiwa:

Alhaji, a aikace sunan mai gida ba daga ofishin filaye yake fita ba, daga wurin ciniki yake fita. Ranar da aka ƙulla cinikin gida a kan tabarma, ga dillalai, ga masu shaida, ga yaran da suka zo karɓar la'ada, kafin magariba unguwa ta san wanda ya saya da nawa ya biya. Ka wakilta lauya ya yi ciniki, ka biya ta banki, wanda dama dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Rasidin haya ya fita da sunan kamfani, 'yan haya su riƙa kiran wakili. Kada kuma a manta da inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, domin gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ba ta tambayi sunan da ke kan takarda ba.

Ɗan Kasuwa, Mabera:

Allah ya saka da alheri. Barista, gidajen da na riga na saya da sunana fa?

Barista, Sakkwato:

Ana iya mayar da su ga kamfani, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sauya mallakar filin da ke da takardar gwamna sai da izininsa, don haka za ka bi ta ma'aikatar filaye, ka biya kuɗin izini da harajin hatimi da kuɗin rajista a kan kowane gida. Ka yi hakan tun babu mai bin ka bashi, domin kotu tana iya soke duk sauyin da ta gano an yi shi ne don guje wa masu bin bashi.