Neman horo a EMBL-EBI: daga ina ake farawa?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Mai digiri a ilimin halittu da ke son horo kan nazarin bayanan DNA da kwamfuta a EMBL-EBI, cibiyar Turai mai adana da nazarin bayanan halittu, me zai fara yi? Akwai tallafi?

Malam Na Lab:
Wa alaikumus salam. Cibiyar tana Hinxton, kusa da Kambirij a Ingila, kuma darussanta na intanet kyauta ne. Ki fara da koyon umarnin Linux, wato tsarin gudanar da kwamfuta, sannan harshen shirya manhaja na Python ko R. Ki sauko da fayil ɗin FASTQ, mai ɗauke da jerin DNA da na'ura ta karanta, daga rumbun bayanansu na ENA, ki tantance ingancinsa da manhajar FastQC. Wanda ya tsallake wannan mataki, gurɓatattun bayanai za su ba shi sakamakon ƙarya.

Hajiya Mai Bincike:
Ƙanwata, ki lura da ƙarfin kwamfutarki. RAM, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, mai gigabayit 8 zai iya ɗaukar bayanan bakteriya, amma na ɗan Adam zai tsayar da ita cak. Ki ɗora aikin a Galaxy, dandalin nazarin bayanai a intanet, kyauta ne.

Batun kuɗi kuwa, ɗaliban digirin digirgir a EMBL, uwar cibiyar, ana biyansu alawus. Gajerun kwasa-kwasai na ido da ido kuma ɗalibi ne ke biyan kuɗin rajista, sai ki nemi rangwame tun wajen cike takardar nema.